Hoton Dabbar Gida: Haske da Haƙuri Sun Fi Tsadar Waya



Ana saura mako biyu babbar Salla, ɗan yayanmu, yaro mai shekara 13, ya same mu a zaure riƙe da salular mahaifinsa, fuskarsa babu walwala. Wata bakwai ya yi yana kiwon wani farin rago balami. Shi ke dama masa dusa, shi ke yi masa wanka, har ragon ya san takunsa. Yaron ya san ranar layya za su rabu, kuma bai ƙi ba. Burinsa kawai ya samu hoto ɗaya da zai ajiye. Ya ɗauki sama da ashirin, babu na kirki. Ya ce: "Baffa, ku duba mini, ko wayar ce ba ta da kyau?" Da muka duba sai muka ga wayar ba ta da laifi. Kurakuransa su ne na kowane mai koyo, shi ya sa muka kawo su nan. Malamai sun yi saɓani a kan hoton abu mai rai, kowane gida kuma yana bin fatawar da ya natsu da ita. Maganarmu ga mai ɗauka ce.

Hoton farko da tsakar rana aka ɗauke shi. Ragon ya fito fari fat kamar ƙyalle, ba a ganin gashinsa, ƙarƙashinsa kuwa baƙar inuwa. Ranar da ke tsaye bisa kai haka take yi. Lokacin da ya dace shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, ko kuma la'asar sakaliya, mai ɗauka ya sa rana a bayansa ko a gefensa. Idan ya zama dole da rana, a kai dabbar inuwar bishiya ko ta katanga. A taɓa jikinta a fuskar waya, a rage haske kaɗan in fara ce, a ƙara in baƙa ce. Kada a manta da goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, musamman da hunturu, domin ƙura kan sa hoto ya yi hazo.

Hoto na biyu a tsaye ya ɗauka, yana dab da ragon, sai kai ya fito ƙato, ƙafafu gajeru. Kyamarar waya tana girmama duk abin da ya fi kusa da ita. Maganin shi ne a ja da baya taku biyu ko uku, a durƙusa daidai tsayin idon dabbar, a saita kyamara a kan idon, gama idan ido ya fito sarai, hoton ya rayu. A kuma duba abin da ke baya: a hoton yaron akwai turmi, da bokiti, da igiyar shanya. Bangon laka wanda babu komai a jikinsa ya fi su duka. A nan muna jan hankalin masu tallar dabba ta WhatsApp. Ɗaukar rago daga ƙasa don ya yi kamar ɗan maraƙi algus ne. A nuna shi ta gefe, da mutum tsaye kusa da shi, mai saye ya ga gaskiyar girmansa.

Na uku da dare ne, da walƙiyar kyamara, idanun ragon suna ci kamar fitila. Dalili kuwa, a can cikin idon tumaki, da dawakai, da kyanwa, akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske kamar madubi, wanda ke taimaka musu gani cikin duhu. Ɗan Adam ba shi da shi. Walƙiya tana ɓata hoto, tana kuma firgita dabba. A kashe ta, a jira gari ya waye.

Sauran hotunan duk motsi ne ya dagula su. Wannan tsohuwar matsala ce: sai da aka jera kyamarori 12 a Palo Alto ta ƙasar Amurka, a shekarar 1878, Eadweard Muybridge ya ɗauki jerin hotunan da suka nuna doki mai sukuwa yana ɗage ƙafafunsa huɗu daga ƙasa a lokaci guda. Yau waya tana ɗaukar hotuna a jere cikin daƙiƙa ɗaya, a zaɓi mai kyau a share saura. Wanda wayarsa ke bari a saita saurin ɗauka, 1/500 na daƙiƙa ya isa ga akuya mai tsalle, 1/1000 ga doki ranar hawan Salla. Kada dai yaro ya tsaya bayan doki.

Amma babban kuskuren ba a waya yake ba. A kusan kowane hoto ana ganin igiya a miƙe: ƙanensa na jan ragon daga turke, an raba shi da tunkiyar da suke kwana tare. Tumaki dabbobin garke ne, in aka ware ɗaya sai ya rikice ya yi ta kuka. A bar shi inda ya saba, a zuba masa harawa, wani ya kaɗa kwanon dusa a bayan mai ɗauka, zai ɗaga kai da kansa. Kyanwa a jira ta ƙoshi ta kwanta a wurinta, tattabaru kuwa lokacin da ake watsa musu hatsi. Labarin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ya ishe mu gargaɗi: babu hoton da ya kai a wahalar da dabba dominsa.

Ranar Arfa da sassafe yaron ya durƙusa gaban turke, ya yi shiru yana jira har rana ta haska bangon. Ragon ya ɗago ya dube shi, da ganyen harawa a baki. Hoton da ya kai wa kakarsa ke nan, ta daɗe tana kallo ta ce: "Wannan kam shi ne."

Allah Ya sa mu cikin masu tausayin abin da Ya ba mu kiwo, amin.