Kafin ka sa wa tsohuwar motarka kamshaf na gudu

Ga taƙaitaccen bayanin hirarmu ta wannan mako kan gyaran mota, mun buga shi saboda wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana kan hanya. Tambayar ta fito daga masu motocin dako na unguwar Pumpumre a Garwa. Suka ce mota ta tsufa, ƙarfinta ya ragu, an ba su shawara su sa mata kamshaf na gudu, irin na motocin tsere, wai za ta dawo da ƙuruciyarta. Shin haka ne? To ɗan'uwa, kafin ka sayar da ɗan maraƙi ka kai kuɗin gareji, tsaya ka ji.

Da farko, mene ne kamshaf? Wani dogon ƙarfe ne a cikin inji mai tozaye a jere. Makanikan da suka koyi aiki da Faransanci suna ce masa arbre à cames. Idan yana juyawa, kowane tozo sai ya danna bawul ya buɗe, sifirin kuma ya maido shi ya rufe. Wani bawul na shigar da iska da mai, wani na fitar da hayaƙi. Duk juyi biyu na karanshaf, shi kamshaf juyi ɗaya yake yi. Ka ga ke nan shi ne mai tsaron ƙofa: shi ke yanke lokacin buɗewa, da faɗin buɗewar, da daɗewarta.

Kamshaf na gudu tozayensa sun fi tsayi da faɗi, don haka bawul na buɗewa sosai kuma ya daɗe a buɗe. Idan inji na juyi da sauri, kamar 5,000 ko 6,000 a minti, wannan na sa ya sha iska da yawa, ƙarfi ya ƙaru. Amma fa ba kyauta ba ne. Abin da ka samu a sama, a ƙasa aka cire maka shi. Idan inji na juyi a hankali, bawul ɗin shiga bai rufe da wuri ba, sai fistin ya koro wani ɓangare na iskar da man baya, matsi ya ragu, mota ta yi sanyin tashi.

Yanzu tambayi kanka, a wane juyi kake aiki? Kai da ka ɗauko shanu daga kasuwar Adumri, ko ka yi lodin buhunan masara a Ngong, ko kake bin hanyar Gashiga da Damsa zuwa Yola cikin ramuka da yashi, ai tsakanin 1,500 zuwa 3,000 injinka yake wuni. Haka in kana hawan tudun nan na Mbe a hanyar Ngaundere da cikakken lodi. Ƙarfin ja kake nema, irin na takarkari. Dokin sukuwa yana da kyau ranar hawan sallah, amma ba shi ake ɗora wa kaya ba.

Akwai wasu abubuwa uku kuma. Na ɗaya, mota za ta riƙa kakkarwa a tsaye, tana mutuwa a cunkoso da shingayen bincike. Na biyu, shan mai zai ƙaru, kuma kowa ya san tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, zuwa-zuwa ta daina araha irin ta da. Na uku shi ne mai haɗari. A mota mai fetur, zuƙar iskar inji ce ke taimakon birki ya yi laushi. Kamshaf na gudu na rage wannan zuƙar in inji na juyi a hankali, sai birki ya yi tauri. Ka tuna da wannan kana gangara da dabbobi a baya.

Wannan duk a lafiyayyen inji ke nan. To ina ga wanda ya ci kilomita 300,000 ko fiye? Ringinsa ya cinye, matsi na zurarewa, ga sabon kamshaf ya zo ya ƙara rage shi. Sifirin ɗin bawul sun gaji, in ka taka sosai ba za su maido bawul da wuri ba, fistin na iya dukansa ya lanƙwashe. Kuma don ka ji ƙarfin da ka saya, dole ka riƙa kai inji juyi mai yawa, wanda tsofaffin metal da famfon baƙin mai ba lalle su jure ba, balle a zafin Garwa na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

Masu Hilux da Hiyas na dizal, masu inji 2L ko 3L ko 5L, ku kam maganar ma ba taku ba ce. Injin dizal ba ya kai wancan juyin, kuma tsakanin fistin da bawul ɗinsa ɗan taƙi ne ƙwarai. In ƙarfinsa ya ragu, a nozul da famfon injekta da matatar mai ake fara nema.

To me ya kamata ka yi? Ka sa makanike ya auna matsin kowace silinda da ma'auni, inji na da ɗumi. A injin fetur mai lafiya akan samu wajen bar 10 zuwa 13, kuma bambancin silinda da 'yar'uwarta kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In wata ta yi ƙasa, a zuba cokali guda na baƙin mai ta ramin filogi a sake aunawa. In matsi ya tashi, ringi ne. In bai tashi ba, a duba bawul ko gasket. A auna ƙarfin famfon baƙin mai ma. Sannan ka dubi salansa: shuɗin hayaƙi, inji na cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa na shiga, baƙi, man ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan.

Sau da yawa ƙarfin da ya ɓace yana cikin ƙananan abubuwa. Ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, filogi ya mutu, tafet na son saiti, kafireta ta yi datti saboda man kwalba, ko taimin ya goce. Waɗannan ba su kai kuɗin kamshaf ba. In kuwa kamshaf ɗinka ne da kansa ya cinye, tozayensa suka shafe, ka nemi irin na kamfani daidai da lambar injinka, ko na Toyota ne ko na tsohuwar Fijo 504 ɗin nan da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. In ɗan Beljiyam ne, ka shafa tozayen da yatsa, wanda ka ji rami ko kaushi ka bar shi.

In ka ce kai dai sai ka sa, motarka ce. Amma a fara gyara inji, ringi da metal da bawul. A zaɓi mai ƙaramin tozo da aka yi don ja. Kada a haɗa sabon kamshaf da tsofaffin tafet, za su cinye juna. A sa sifirin da suka dace da shi, a sabunta bel ko sarƙar taimin, a juya inji da hannu a tabbatar bawul ba ya taɓa fistin. A shafa wa tozayen man haɗi. Tashin farko kada a bar shi a silo, a riƙe shi tsakanin 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30, ana lura da zafi, sannan a juye baƙin mai da matatarsa. Kuma kada tafiyarka ta farko ta zama ta ranar kasuwa da dukiyar mutane a baya.

Makaniken da ya ce a sa kawai ba sai an auna ba, ka yi masa godiya ka nemi wani. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a garke da kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.