Tarihi a Bakin Jarumi: Finafinan Tamil na Dauri da Abin da Suke Nuna wa Mai Nazarin Hausa

Idan aka ce "fim ɗin Indiya" a Kano ko a Wudil, abin da ya fi zuwa a ran tsofaffin 'yan kallo shi ne finafinan harshen Hindi na birnin Bombay, waɗanda 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da su gidajen silima a shekarun 1950. Amma kuwa a kudancin Indiya akwai wata masana'antar daban a birnin Madras, wanda aka mayar da sunansa Chennai a 1996, mai yin fim da harshen Tamil. Irin waɗannan ba su yawaita a hannun Hausawa ba sai da masu fassarar Indiya-Hausa, irin su Algaita ta Kano, suka shiga ɗora musu murya. Su ma sababbi suka fi fassarawa, don haka na dauri suka tsere wa mai kallo. Wannan maƙala za ta dubi rukuni ɗaya daga cikinsu, wato na tarihi.

Misalin da ya fi fice shi ne Veerapandiya Kattabomman na 1959, wanda B. R. Panthulu ya ba da umarninsa, Sivaji Ganesan kuma ya fito a matsayin jarumi. Kattabomman hakimi ne na Panchalankurichi da ya ƙi biyan haraji ga Kamfanin Turawan Ingila na Gabashin Indiya. Suka yaƙe shi, suka rataye shi a Kayathar ran 16 ga Oktoba, 1799. A 1960 fim ɗin ya jawo wa Sivaji lambar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinan Afirka da Asiya da aka yi a Alƙahira.

Ƙarfin wannan fim yana cikin zance ne. Wurin da mutanen Tamil suka fi haddacewa shi ne inda hakimin ya tsaya gaban jami'in haraji Bature yana ƙalubalantarsa da doguwar magana mai kari da amsa-amo. Wanda ya san kirarin mafarauta ko na 'yan tauri zai gane sigar nan take: ambaton asali, ƙasƙanta abokin gaba, da maimaita jimla har jini ya tsuma.

Wannan salo yana da tushe a siyasa. Masu fafutikar kare harshen Tamil daga mamayar Hindi sun riƙi silima a matsayin mumbari. M. Karunanidhi, wanda ya rubuta zantukan Parasakthi (1952) da Manohara (1954), ya zama Babban Ministan jihar Tamil Nadu a 1969. Jarumin fim M. G. Ramachandran ya hau wannan kujera a 1977. Ke nan harshen da aka goge a dandali shi ya yi wa masu shi jagora zuwa mulki.

Sai dai akwai abin lura. Masana tarihi sun nuna cewa zuriyar Kattabomman daga masu magana da harshen Telugu ta fito, amma fim ya sa masa tsantsar Tamil a baki, ya mai da shi tutar kishin Tamil. Yau surar da jama'a suke gani idan an ambace shi, surar Sivaji ce. Ta haka fim yake iya danne littafi.

A nan ne darasin yake ga ƙasar Hausa. Adamu Halilu ya buɗe wannan hanya da Shaihu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma yi fim a kan Kanta na Kabi, amma ba a bi sawunsa sosai ba. Labaran Muhammadu Rumfa da yaƙin basasar Kano na 1893 suna nan suna jiran masu shiri. Duk wanda ya ɗauke su, wajibi ne ya nemi marubuci masanin Hausar fada da kirari, ya kuma zaunar da masanin tarihi kusa da shi, domin abin da ɗalibi ya gani a majigi shi zai riƙa kawo wa malaminsa a aji a matsayin hujja.