Kowa Darakta, To Wa Zai Riƙe Makirfo?



Muna aji huɗu a jami'a aka haɗa mu, mu tara, mu yi gajeren fim. Biyar suka ce su ne darakta, babu wanda ya yarda ya riƙe makirfo. Da muka zo tacewa, wallahi ƙarar janareta kawai ake ji. Haka maki ya tafi.

To ga yadda ake raba aikin. Furodusa ke nemo kuɗi, izinin lokeshan da abinci. Darakta ke tsara wa 'yan wasa yadda za su yi, kuma shi kaɗai ke tsayar da ɗauka. Mai ɗaukar hoto ya kula da kyamara da haske. Mai sauti ya kasa kunne, in babur ya wuce ya ce a sake. Mai kula da ci gaban shiri ya lura kada jaruma ta shiga ɗaki da jan gyale ta fito da baƙi. Edita ya haɗa komai.

Shawarata, kafin a kunna kyamara ku rubuta sunan kowa da aikinsa a takarda.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.