Kiwon Keke Lokacin Hunturu

Kai mai zuwa aiki bisa keke kowace safiya, ka sani daga watan Nuwamba har Fabrairu ƙura ta fi sanyi ɓarna ga kekenka. Waɗansu suna tsammani yawan mai shi ne gyara. Ina! Ƙura takan manne wa mai, ta riƙa cin sarƙa sai ka ce dutsen wāshi, har ran nan ta tsinke maka a hanya.

To, kowane mako ka wanke sarƙa da kananzir. In ta bushe ka ɗiga mata man inji kaɗan, ka goge saura da tsumma. Kada ka sa man gyaɗa, gama yakan yi danƙo. In hazo ya sauko da asuba, kunna fitila domin mai mota ya hango ka.