Littafi Guda ko Littattafai Barkatai: Yadda A Ke Lissafin Alhazai a Makka

Zancen kimiyya na wannan mako ya shafi wata tambaya wadda ta ke damun ko wane mai sana'a, tun daga mai rumfa a Kantin Kwari na Kano har zuwa manyan kamfanonin Turai. Watau shin ya fi kyau mutum ya ajiye wa ko wane sashe na aikinsa littafi dabam, na kuɗi dabam, na kaya dabam, na bashi dabam, ko kuwa ya tara kome cikin littafi guda? A zamanin yau littafin nan ya koma cikin kwamfuta da wayar hannu, ana ce da shi manhaja, amma tambayar tana nan yadda ta ke. Da wuya a sami wurin da aka gwada ta da tsanani kamar birnin Makka.

Dalili kuwa shi ne yawan baƙi da ƙarancin lokaci. Cikin shekara ta 2019 mutum 2,489,406 suka yi aikin Hajji. Ko wane ɗaya daga cikinsu yana bukatar biza, da kujera a jirgi, da gado a masauki, da mota, da wurin kwana a tantin Mina, da abinci, da lokacin da ayarinsa zai tafi jifa. Kuma dukansu tilas su taru a Arfa rana ɗaya, ba a ɗagawa, ba a jinkirtawa. Mai kanti in ya yi kuskuren lissafi sai ya gyara gobe. Mai shirya Hajji in ya yi kuskure, tsohuwa ce za ta kwana a titi.

A da, ko wane rukuni na masu hidima yana da nasa littafi. Wakilai na Jidda su ke tarbar alhaji a bakin teku ko a filin jirgi. Mutawwifai na Makka su ke kula da masaukinsa da ibadarsa, har daga baya aka tara su ƙungiya-ƙungiya bisa ga ƙasashe, aka ware guda domin ƙasashen Afirka waɗanda ba na Larabawa ba, wadda alhazan Nijeriya su ke kira Mu'assasa. Masu shayar da ruwan Zamzam suna da ofishinsu, masu motoci suna da nasu, masu jagora na Madina kuma haka. A gida ga hukumomin alhazai na jihohi, ga kuma hukumar ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar majalisa a kan aikin, cikin shekara ta 2006. Ko wane ofishi ya san aikinsa sarai. Wahala tana tsakanin ofis da ofis ne. A ɗauki misalin mutum guda wanda akawun jiharsa ya rubuta shi Mamman, fasfo ya ce Mohammed, Balarabe kuma ya juya sunan cikin haruffan Larabci yadda kunnensa ya ji. Ga littattafai uku, ga mutum uku, alhali kuwa gado ɗaya aka biya.

Mai sauraro zai yi tsammanin zuwan kwamfuta ya kawar da wannan. Bai kawar ba, zama ko wace ma'aikata ta fara da ƙera tata manhaja. Abin ya fito fili lokacin annobar korona. Da aka sake buɗe Umra cikin watan Oktoba na 2020, mai niyya yana neman izini ta manhajar Eatmarna, yana nuna lafiyarsa ta Tawakkalna, daga baya mazaunin ƙasa yana neman allurar rigakafi ta Sehhaty, baƙon da zai shigo kuwa daga baya aka ce ya rubuta allurarsa a Muqeem. Ko wacensu ta yi abin da aka ƙera ta dominsa, kuma an ƙera su da sauri a lokacin da a ke bukatar sauri, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Amma dattijon da ya tsaya a ƙofar Harami da waya a hannu, shi ne ya zama ɗan aike tsakaninsu.

To, yaya haɗaɗɗen tsari ya ke aiki? Asirinsa ba ya cikin abin da ido ke gani a fuskar waya, yana can ƙarƙashi, cikin rumbun da a ke ajiye labari. Ana rubuta mutum sau ɗaya tak, a ba shi lamba wadda babu mai irinta. Daga nan ko wane ofishi ba ya sake rubuta shi, sai dai ya rataya nasa bayani a jikin lambar nan. In an gyara abu a wuri ɗaya, ya gyaru ko'ina nan take. Dabarar ba sabuwa ba ce. Cikin shekara ta 1972 waɗansu injiniyoyi biyar a Jamus suka bar kamfanin IBM suka kafa nasu, SAP, domin su sayar wa masana'antu irin wannan tsari, inda sito da ofishin kuɗi da ofishin albashi su ke karatu daga rumbu guda.

Hukumomin Sa'udiyya sun bi wannan hanya a hankali. Tun kafin annoba sun buɗe wa hukumomin alhazai na ƙasashen waje wata hanya ta intanet, inda a ke ƙulla yarjejeniyar masauki da abinci da mota, a biya kuɗi a ciki, kuma biza ba ta fita sai waɗannan sun cika. Ma'anarsa ita ce na'ura ta ƙi yarda a kawo mutumin da ba a tanadar masa gado ba. Cikin shekara ta 2022 Ma'aikatar Hajji da Umra, ƙarƙashin minista Tawfiq Al-Rabiah, ta fito da Nusuk, wadda ta maye gurbin Eatmarna ta kuma tara waɗansu hidimomi wuri guda. A Hajjin 2024 aka wajabta katin Nusuk, wanda alhaji ya ke rataya a wuya. A jikinsa akwai wani tambari na ɗige-ɗige mai kusurwa huɗu. In ma'aikaci ya haska shi da waya, sai ya ga ko wane ne mai katin, da inda masaukinsa ya ke, da kamfanin da ke hidimarsa. Duk wanda ya taɓa ɓata a tantunan Mina, waɗanda kowannensu ya yi kama da ɗan'uwansa, ya san darajar wannan.

Amma fa haɗawa tana da nata haraji. Garin da ke da rijiyoyi goma, in guga ya faɗa cikin ɗaya ba a kwana da ƙishi. Garin da ya dogara ga famfo guda, ran da injin ya tsaya kowa ya ji a jikinsa. Cikin watan Yuni na 2022, saura makonni kaɗan a hau Arfa, aka sanar da cewa maniyyatan Turai da Amurka da Ostareliya su bar wakilan da suka saba da su, su nemi kujera ta ƙofa ɗaya mai suna Motawif. Jaridu sun cika da koke-koken waɗanda aka cire kuɗinsu ba su ga tikiti ba, da waɗanda suka isa filin jirgi aka mai da su gida. Da shekara ta zagayo aka ajiye ta, aka mai da aikin cikin Nusuk. Laifin ba na ƙofa ɗaya ba ne kaɗai, garaje ne ya fi yawa, gama an rushe tsohuwar hanya kafin sabuwa ta tsaya da ƙafafunta.

Akwai kuma wani haraji wanda masu sayar da irin wannan tsari ba su cika faɗa ba. Haɗaɗɗen tsari ba ya bin al'adar mai gida, mai gida ne ke bin tasa. Kamfanin kantunan nan na Jamus, Lidl, ya yi shekara bakwai yana ƙoƙarin lanƙwasa tsarin SAP ya dace da yadda ya saba ƙiyasta kayan sito, shi da kuɗin saye, tsarin kuwa da kuɗin sayarwa. Cikin shekara ta 2018 ya haƙura ya bari, bayan an ba da labarin ya kashe wajen Yuro miliyan 500. Hukumomin alhazai ma sun ɗanɗana irin wannan, domin inda a da a ke roƙon mutum ya ƙara kwana biyu kafin a kawo kuɗi, yanzu ranar da aka sa ta cika, na'ura ta rufe, ba ta jin magiya.

Abu mafi nauyi ya auku a Hajjin 2024. Zafi ya wuce digiri 51 a Makka, hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da izinin Hajji. Wanda ba shi da lamba ba shi da tanti mai sanyaya, ba shi da kujera a mota, sai ya taka da ƙafa cikin rana. Littafi guda yana ganin wanda aka rubuta a ciki ƙwarai da gaske, amma wanda ya ke waje, gare shi tamkar babu shi.

Saboda haka cikin shekara ta 2025 Ma'aikatar Cikin Gida ta buɗe wani tsari mai suna Tasreeh, domin ba da izinin shiga Makka da wuraren ibada ga alhazai da ma'aikata da motoci, aka ɗaure shi da Nusuk, izinin kuma yana bayyana cikin Tawakkalna. A lura, manhajojin ba su koma ɗaya ba, kuma ko wace ma'aikata tana riƙe da tata. Abin da aka yi shi ne an buɗe ƙofa tsakaninsu, ta yadda ɗan sandan da ke shingen hanyar Jidda da akawun da ya ba da biza su ke duban suna guda da lamba guda. A shekara ta 2025 mutum 1,673,230 aka ƙidaya sun yi aikin Hajji.