Kafin A Gyara, Sai An Gano: Yadda Ake Nemo Inda Layin Lantarki Ya Lalace

A watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe kwanaki cikin duhu. Ɓata-gari sun lalata layin Shiroro zuwa Mando, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda aka koma dogaro da shi, shi ma ya faɗi. Sai da ma'aikatan kamfanin TCN mai kula da manyan layukan wuta suka ratsa daji kafin su tarar da wayar a tsinke a wata fadama kusa da Igumale, jihar Binuwai. Gano wurin kaɗai ya ci kwanaki.

To, yaya injiniya ke sanin inda matsala take a layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita? Dabarar kamar ta mai yin kira cikin rijiya ce yana jiran amsa-kuwwa. Na'ura ke aika ɗan bugun wuta cikin waya; da ya kai inda ta tsinke ko rufinta ya fashe, sai ya dawo. Daga lokacin da ya ɗauka ake lissafa nisa. A wayar kan turaku bugun na gudu kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, a kebul na ƙarƙashin ƙasa kuwa kamar rabin haka. Saboda haka a wayar kan turaku kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kan jefa ma'aikata nesa da wurin da mita ɗari ko fiye. Idan kebul a binne yake, sai a riƙa dura masa wuta mai ƙarfi, wani ya bi ta kansa da abin saurare a kunne har ya ji inda tartsatsi ke bugawa, nan za a haƙa.

Aikin ya fi wuya a layukan da wutarsu ke tafiya hanya ɗaya ba kai-komo, waɗanda ake ja zuwa nesa sosai. Irinsu ne layin Inga zuwa Kolwezi a Kwango, mai tsawon kimanin kilomita 1,700, wanda ya fara aiki a 1982. Kebul ɗin Basslink da ke ƙarƙashin teku a Ostareliya, wanda shi ma irinsu ne, ya lalace a Disamba 2015, bai dawo aiki ba sai Yuni 2016.

A ƙasar Gobir kuwa, daga Isa zuwa Sabon Birni da Kurawa, ƙananan layuka ne a kan turaku, kuma ido na iya ganin inda suka tsinke. Babbar matsalar ita ce isa wurin, domin na'ura na iya faɗin nisa, amma ba ta buɗe hanyar da 'yan bindiga suka tare.

Don haka jama'a na da rawar takawa. Wanda ya ga waya a ƙasa ko turke ya karkata, kada ya kusanta, ya kore yara da dabbobi, ya sanar da mai unguwa da ofishin wuta, ya kuma faɗi wurin dalla-dalla.