Lissafin ƙugiyar gini: lambobi uku da ya kamata 'yan uwanmu na Dubai su sani



Da wuya ka shiga layi a Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Aboabo ba ka sami gidan da ɗansu ya tafi Dubai neman halal ba. Da yawa a Deira suke fara sauka, tsohon ɓangaren birnin, inda unguwar Al Muraqqabat take kusa da Al Rigga, wajen da cibiyar kasuwanci ta Al Ghurair take tun 1981. Wasu saro kaya ya kai su. Wasu kuwa aikin gini suke yi, kuma gini a Dubai ba ya rabuwa da ƙugiya, doguwar na'urar nan mai ɗaga kaya da ma'aikata ke kira kiren. Mai ɗaure kaya da mai ba direba alama suna yini ne a ƙarƙashin ƙarfe da siminti masu nauyin tan-tan.

Akwai wani darasi da ake koya wa ɗaliban injiniya wanda yake bayyana yadda kayan da ke rataye a ƙugiya suke motsi. A littattafan boko an ba shi sunan silinda, wato gwangwani, mu kuma za mu kira shi awon gwangwani. Mun kawo shi ne don ɗalibanmu su ga amfanin abin da suke karantawa, kuma don wanda ke ƙarƙashin ƙugiya ya san inda haɗari yake fitowa.

Lambobi uku

A makaranta mun saba da x da y da z, wato gaba, gefe da sama, tsarin da ake dangantawa da Bafaranshen nan René Descartes da littafinsa na 1637. Wannan ya dace da ɗaki mai kusurwa huɗu. Amma abin da yake zagaye wani ginshiƙi, sai a yi masa wasu tambayoyi uku dabam. Nisansa nawa ne daga tsakiya? Wannan shi ne r. Ya juya digiri nawa daga inda aka fara ƙirga? Wannan shi ne θ, ana karanta shi tita. Tsayinsa nawa ne daga ƙasa? Wannan shi ne z. Duk wuraren da nisansu daga tsakiya ɗaya ne, idan aka haɗa su suna ba da siffar gwangwanin madara. Daga nan sunan ya samo asali.

Alhazanmu sun san wannan a aikace. A ɗawafi Ka'aba ce tsakiya, kuma daga Hajarul Aswad ake fara ƙirga zagaye. Tazarar mutum da Ɗakin ita ce r, inda ya kai a zagayen shi ne θ, benen da yake kai kuma shi ne z. Wanda yake mita 20 daga tsakiya zai taka kusan mita 880 kafin ya cika zagaye 7. Wanda cunkoso ya tura mita 100 zai taka kusan kilomita 4.4. Zagayensu ɗaya, tafiyarsu ba ɗaya ba.

Haka ƙugiyar gini take. Tana da ginshiƙi a tsaye, da dogon hannu a kwance a samansa, da ɗan keke mai gudu a jikin hannun, da igiyar ƙarfe da ta sauko daga keken. Inji ɗaya yana kai keken waje ko ya dawo da shi, yana sauya r. Na biyu yana juya hannun gaba ɗaya, yana sauya θ. Na uku yana naɗe igiya ko ya sake ta, yana sauya z. Irin wannan ƙugiya ta bazu ne bayan da Bajamushe Hans Liebherr ya fito da tasa a 1949. Direban da ke zaune a ɗan akwatinsa can sama, ko bai taɓa jin sunan tita ba, da waɗannan lambobi uku yake aiki tun safe har yamma.

Na nesa ya fi gudu

Bari mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi. A ce hannun ƙugiya yana cika zagaye ɗaya a minti 2. Daga ƙasa za ka ga kamar da ƙyar yake motsi. Kayan da ke mita 10 daga ginshiƙi za su ci kusan mita 63 a zagayen, wato rabin mita a kowace daƙiƙa. Kayan da ke mita 50 kuwa za su ci mita 314 a daidai wannan lokaci, wato mita 2.6 a daƙiƙa, fiye da kilomita 9 a awa. Saurin mai sassarfa ke nan. Ƙa'idar ita ce gudun zagaye daidai yake da r × ω, inda ω, wato omega, yake nufin saurin juyawar hannun. In nisa ya ninka sau biyar, gudu ma ya ninka sau biyar.

Abin lura ga ma'aikaci shi ne kada ya auna gudun kaya da kallon hannun ƙugiya kusa da ginshiƙi. Ido zai ruɗe shi.

Kaya suna neman fita waje

Duk wanda ya taɓa shiga trotro direba ya sha kwana da gudu a Kwame Nkrumah Circle, wadda mutanen Ankara suka laƙaba wa suna Dubai bayan gyaran 2016, ya san yadda jiki yake jingina da ƙofa. Jikin mutum miƙewa yake so ya yi, mota ce take tilasta masa lanƙwasa. Kayan ƙugiya ma miƙewa suke so su yi. Abin da zai janyo su ciki igiya ce kawai, kuma igiya ba za ta iya ba sai ta karkata. Shi ya sa kayan ba sa tsayawa daidai ƙarƙashin keke idan hannu yana juyawa, suna ɗan fita waje.

Girman wannan jan shi ne r × ω². A misalinmu, idan kayan tan 2 ne a mita 50, ƙarfin da ake buƙata ya yi kamar nauyin kilo 28. In igiyar ta sauko mita 40, kayan za su fita waje da fiye da rabin mita. To amma ku dubi ɗan 2 ɗin da ke saman omega. Idan direba ya ninka saurin juyawa, ya cika zagaye a minti 1, fitar ba ninki biyu za ta yi ba, ninki huɗu za ta yi, ta haura mita 2. Wanda ya tsaya jikin bango yana ganin kaya za su wuce shi da tazara, wannan mita 2 ɗin ce za ta same shi.

Motsi biyu a lokaci ɗaya

Akwai wani abu kuma da ba a cika zato ba. A ce hannu yana juyawa, direba kuma yana tura keke waje a lokaci guda. Kayan sun baro wurin da gudun zagaye kaɗan ne, suna shiga wurin da yake da yawa. Sai su kasa riskar hannun, su yi baya ta gefe. Idan ciki ake janyo keken, sai su yi gaba su riga hannun. Wani masani Bafaranshe, Gaspard-Gustave de Coriolis, ya yi bayanin wannan a 1835, sunansa ma aka sa wa abin. Lissafinsa shi ne 2 × gudun keke × ω. Idan keke yana tafiyar mita 1 a daƙiƙa a misalinmu, kayan za su kauce gefe da kusan santimita 40. Kaɗan ne a takarda, amma ba kaɗan ba ne idan hannun mutum yana tsakanin kaya da rodi.

Tsayawa farat ɗaya

Mafi muni shi ne birki na gaggawa. Hannu zai tsaya, kaya ba za su tsaya ba, domin igiya ce kawai ta haɗa su. Kayan da suke gudun mita 2.6 a daƙiƙa a kan igiya mai mita 40 za su yi lilo su wuce gaba da fiye da mita 5 kafin su dawo, kuma zuwa da dawowa zai ɗauki kusan daƙiƙa 13. Nauyin kayan bai sauya wannan lissafi, tsayin igiya da gudu ne suke sauya shi. A nan z ya shigo: igiya mai tsayi, lilo mai faɗi. Don haka gwanin direba yake rage gudu a hankali tun kafin ya iso, mai ba da alama kuma yake ba shi hannu da wuri. Sannu ba ta hana zuwa.

Nisan nan r shi ne kuma yake yanke nauyin da ƙugiya za ta iya ɗauka. Abin da ke neman kifar da ita shi ne nauyi sau nisa. Tan 10 a mita 15 da tan 3 a mita 50 duk suna ba da 150. Kowace ƙugiya tana da jadawalin nauyi daga kamfanin da ya ƙera ta, kuma shi ne abin bi, ba ƙiyasin ido ba.

Abin da muke roƙo

'Yan uwanmu da ke aikin gini a Deira da sauran sassan Dubai, da waɗanda ke tashar jiragen ruwa ta Tema, kada ku tsaya ƙarƙashin kaya, kuma kada ku tsaya ta wajen da'irar da suke bi ko ta gaban inda suka nufa. Ku daidaita kaya da igiyar jagora daga nesa, ba da tafin hannu ba. In ba a koya muku alamun hannu ba, ku nemi a koya muku kafin ku karɓi aikin. Lambobin da muka kawo na misali ne, na wurin aikinku suna hannun injiniya da jami'in tsaron lafiya, kuma tambayarsu ba abin kunya ba ne.

Ƙannenmu da ke shirin WASSCE, radiyan da da'ira da motsin zagaye da kuke gani a lissafi da fiziks su ne tsanin wannan darasi. Wanda Allah ya kai KNUST a Kumasi ko jami'ar ma'adinai ta Tarkwa ya karanta injiniyan injuna zai tarar da shi yana jiran sa, da r da θ da z ɗinsa. Ku gwada a gida: ku ɗaure ɗan dutse a zare, ku ɗaura zaren a bakin sanda, ku juya a hankali, sannan ku ƙara sauri, sannan ku tsaya farat ɗaya. Fitar dutsen waje da lilonsa za ku gan su da idonku.

Iyayenmu kuma, idan yaro ya ce lissafi yake so, a taimaka masa da littafi da lokacin karatu. Muna da masu ɗaure kaya da yawa a ƙasashen waje, Allah ya yi wa nemansu albarka. Muna son mu ga 'ya'yan zango a kujerar direba, da kuma a ofishin da ake rubuta jadawalin nauyi.

Wanda yake da ɗan uwa a wurin gini, ya tura masa wannan bayani. Allah ya tsare mana su, ya dawo da su gida lafiya.